Daga Dutin Dare Zuwa Gindin Murhu

Jiya da safe wajen ƙarfe takwas da rabi na miƙa aiki na fito daga asibiti, ƙafafuna kamar ba a jikina suke ba, tun takwas na daren shekaranjiya nake tsaye a ɗakin haihuwa, mata huɗu suka sauka a hannunmu, ta biyar ɗin sai da aka shiga da ita tiyata, Alhamdulillahi dai ita da jaririnta duk lafiya. Ina bakin titi ina jiran a daidaita sahu sai wata abokiyar aikina ta dafa ni ta ce "Sista, yau kam ai sai barci har la'asar ko?" Na ce mata da yardar Allah. Amma a raina na san ba gida zan miƙe ba, sai na biya kasuwar Yankaba tukunna, don tun wajen ƙarfe biyun dare ina cikin rubuta rahoto miyar taushe ta faɗo min a rai, kuma na san kabewar gidan ta ƙare tun wancan satin.

Toh haka nake, kuma an sha tambayata, wasu da tausayi wasu da mamaki, wai ke ba kya gajiya ne, me ya sa ba za ki ɗauki mai aiki ta dinga yi miki girkin ba, ko ki dinga aikawa a siyo, ai yanzu ko ta waya ma ana kawo abinci har ƙofar gida. Wallahi ina gajiya. Gajiyar da wani lokaci sai na zauna a bakin gado da yunifom ɗina na kai minti ashirin na kasa ko cire safa. Sai dai abin da na kasa fahimtar da mutane shi ne, ni girki ba ya cikin abubuwan da suke gajiyar da ni, yana cikin masu sauke min ita ne.

A gidan kakata na tashi, muna ce mata Inna, Allah Ya jiƙanta da rahama. Madafinta rumfa ce kawai ta kara a ƙuryar tsakar gida, murhu duwatsu uku, bangon wajen ya yi baƙi ƙirin da hayaƙin shekara da shekaru, ga muciyoyi biyu a soke a jikin rumfar, babba ta tuwon gida da ƙarama wadda ta ce tawa ce tun kafin in iya ɗaga ta. Aikina na farko fura wuta, in durƙusa in ta busa karan dawa ido na hawaye, daga nan aka ƙara min matsayi zuwa tankaɗe, sai tsince shinkafa a faifai, sai daka kayan miya a ƙaramin turmi. Inna ba ta koyarwa da baki sosai, sai dai ta ce "zo ki tsaya nan", ki tsaya kina kallo. Ranar da ta fara bar min tukunyar tuwo ina da shekara sha ɗaya, garin dawa ne, na yi talge na ga ya ɗan yi kauri sai na fara zuba gari da sauri don in nuna na iya, tana daga kan tabarma tana jan carbi ta ce "bar shi ya bararraka tukunna 'yar nan, talgen da bai nuna ba tuwonsa ba ya kwana." Har yau in na tsaya a kan tuwo sai na ji muryar nan. Kuma gaskiyarta ne, in talge bai dahu ba tuwon warin ɗanyen gari yake, da safe ki zo ɗumame ki tarar ya saki ruwa ya lalace. In kuwa kika bar shi ya nuna, kika tuƙa shi sosai har hannunki ya yi tsami, kika yayyafa ruwa kika rufe ya sulala, to ko ba firij zai kai gobe lafiya lau, ɗumamensa ma ya fi na daren daɗi.

Ita take yin daddawarta da kanta. Kalwa za ta siyo, 'ya'yan ɗorawa kenan, a dafa ta kusan kwana guda a kan wuta har ɓawon ya yi laushi, a surfa a wanke a cire shi, a sake dafawa, sannan a rufe ta ruf a ajiye a ɗaki kwana biyu zuwa uku har ta ruɓa yadda ake so, duk gidan ya ɗauki warin, mu yara muna toshe hanci ita kuwa tana murmushi tana cewa ta yi kyau. Sai a kirɓa a faffaɗa a shanya. Ni ban taɓa samun lokacin yin wannan ba tunda na fara aiki, kuma yana cikin abubuwan da suke min ciwo a rai, amma ko a kasuwa in na ɗaga daddawa na sansana na san wadda aka yi da haƙuri da wadda aka yi wa gaggawa.

Da na tafi makarantar koyon aikin jinya da ɗan risho na tafi da ƙaramar tukunya da kuka da daddawa a ƙulle a leda, ranar Asabar ɗakinmu cika yake don an san zan yi ɗanwake. Bayan na gama na fara aiki, aure ya zo, yara suka zo uku, sai rayuwa ta nuna min ashe lokacin makaranta hutu nake. Wanda bai yi aikin shif ba ba zai gane ba. Wannan satin kina safe, wani satin kina rana ki dawo bayan isha'i, sai kuma a jera miki dutin dare, jikinki ya rasa gane yaushe ne dare yaushe ne rana, ga ƙarancin ma'aikata, da yawa cikin waɗanda muka fara tare sun tafi Ingila ko Saudiyya, aikin da ya kamata mutum uku su yi sai ki ga ku biyu ne, wata ran ma ke kaɗai da ɗaliba. Akwai wata shekara, bayan na haifi autana na koma aiki, da na yi watanni kusan ban ɗora tukunyar kirki ba. Shayi da burodi, taliya, shinkafa da wake daga wajen mai saidawa a layinmu, haka muka yi ta lallaɓawa. Abban yara bai taɓa buɗe baki ya yi ƙorafi ba, Allah Ya saka masa, yaran ma ba su rame ba. Ni ce dai na rasa gane kaina, kullum raina a ƙuntace, abu kaɗan in yi faɗa, kuma na ɗauka gajiyar aiki ce kawai.

Abin da ya dawo da ni madafi ba abin daɗi ba ne. Wata yarinya ce aka kawo mana daga ƙauye cikin dare, haihuwar fari, ta haihu a gida jini ya ɓalle, kafin a samo mota a iso da ita ta riga ta yi nisa. Mun yi duk abin da za mu iya, ƙarin ruwa, allurai, aka samo jini aka ɗaura, amma kwananta ya ƙare, kafin asuba ta cika. Hannunta na cikin nawa. Na dawo gida na yi wanka na kwanta, barci ya ƙi zuwa, da na rufe ido sai in ga fuskar mahaifiyarta tana tsaye riƙe da jaririn a zani ta kasa ko kuka. Sai kawai na tashi na shiga kicin ban ma san me zan yi ba, na buɗe wani bokiti na ga sauran garin ɗanwake, na ɗora ruwa, na jiƙa 'yar kanwa, na kwaɓa da kuka, na fara sakawa ɗaya bayan ɗaya a tafasasshen ruwan da yatsuna. Ina kallo suna nutsewa, can kuma su taso sama ɗaya-ɗaya kamar yadda suka saba tun ina yarinya. A nan ne kukan ya zo min, na yi shi sosai a tsaye gaban tukunya, na tsame ɗanwaken na soya mai da albasa na barbaɗa yaji, na zauna a ƙasa na ci, sannan na samu barci ya ɗauke ni. A asibiti sai ki yi komai daidai yadda aka koya miki kuma a rasa rai, don ba a hannunki abin yake ba, hukuncin Ubangiji ne. Ita kuwa tukunya abin da kika ba ta shi za ta dawo miki da shi, kuma ranar nan abin da zuciyata ke nema kenan. Tun daga lokacin na ce ko me za a yi sai na nemo wa girki wuri a cikin satina.

Nemo wurin fa shi ne aikin. Ba yadda za a yi in yi girki irin na Inna, ita da take da yini guda cur, don haka sai da na zauna na yi lissafi kamar yadda muke tsara jadawalin duti. Kayan miya su ne suka fi cin lokaci, wankewa da gyarawa da kai markaɗe da tsayawa a kai har ruwan ya tsotse. To lokacin rani, daga wajen Janairu zuwa Maris da tumatirin noman rani na su Kura da Kadawa yake cika kasuwa ya yi araha, sai in sa ranar hutuna guda in je Yankaba da sassafe in siyo kwando, da tattasai da attaruhu da albasa, a markaɗo min, in zuba a babbar tukunya a kan gawayi a tsakar gida ya yi ta dahuwa har ya kafe ya yi jajir, in soya rabi da mai, in raba a ƙananan robobi in jera a firiza. Roba ɗaya miya ɗaya. In na dawo daga aiki minti talatin ya ishe ni in haɗa miyar da za a ci a yi santi.

Amma firiza ita ma ba abar dogaro ba ce a ƙasar nan, kowa ya sani. Akwai lokacin da taransifomar unguwarmu ta lalace muka yi kusan sati biyu ba wuta, ni kuma ina kan dutin dare a jere, janaretan ba zai iya riƙe ta dare da rana ba, ranar da na buɗe na tarar komai ya narke ya yi tsami, da nama da kayan miyan wata biyu, wallahi sai da na yi hawaye, ba don kuɗin kawai ba, don ranar hutuna guda da na ƙarar a kai. Daga nan na koma wa dabarar tsofaffi. Yanzu rabin tumatirin yanka shi nake in baza a kan buhu a rana, iskar hunturu ta busar da shi ya zama kauɗa, kuɓewa ma haka a yanka a shanya a daka, zogale in shanya shi a inuwa don kar ya dafe ya canza kala, kuka da karkashi dama a bushe suke zuwa. Waɗannan ba ruwansu da an kawo wuta ko an ɗauke. A 2016 da tsutsar nan ta cinye gonakin tumatir a Kano da Kaduna da kewaye, har ya zama sai mai hali ke sayen na miya, kauɗa ce ta rufa wa gidaje da yawa asiri, kuma ko ba annoba duk damina tumatir tsada yake, to me zai hana mutum ya tanada tun yana arha. In kika jiƙa kauɗa da ruwan ɗumi kika wanke ta sosai don ƙasa, kika markaɗa da albasa mai yawa, miyar tana yin duhu kaɗan amma ɗanɗanonta yana da zurfi, ni har na fi son ta a miyar kuka.

Hatsi kuwa haɗa kuɗi muke da abokan aiki mu huɗu, bayan kaka a je Dawanau a siyo buhun masara da na wake da gero a raba da kwano, ya fi sauƙi nesa ba kusa ba a kan awon kullum. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 komai ya tashi, kuɗin mota kaɗai yana cinye wani yanki na albashi, gas ma sai ana lallaɓa shi, don haka duk abin da zai daɗe a wuta, wake ne, ganda ce, ƙashin miya ne, kurfoti da gawayi nake ɗora wa, gas ɗin na saurin safe ne da ranar da na dawo a makare.

Akwai abubuwan da na haƙura da su, ba don raina ya so ba. Waina sai ranar da nake da hutun kwana biyu a jere, don ita ba a yi mata gaggawa, ki jiƙa shinkafa ki kai markaɗe ki haɗa da 'yar dafaffiya ki sa yis ki bar ƙullun ya kwana ya tashi, da safe ki zauna gaban tanda kina juyawa ɗaya-ɗaya. Funkaso da alkubus sun koma na sallah da ranar suna. Kayan miya na sallama wa blanda da injin markaɗe. Amma daddawa da citta da masoro da kanumfari har gobe a turmi nake daka su, blanda ba ta fito da ƙamshin nan, ban san dalili ba amma hancina ya sani. Kuma tuwo ni nake tuƙa abina. 'Yata babba ta kai shekarun da na fara, na siya mata ƙaramar muciya, in ina gida sai in ce zo ki tsaya nan.

Wani abin da aikin nan ya canza min kuma shi ne yadda nake kallon abin da muke zubawa a tukunya. Kullum muna auna mata masu ciki muna ganin hawan jini, sai kuma in je gidan biki in ga an ɓare dunƙule ya fi ashirin an watsa a miya ɗaya ga gishiri a kai, alhali shi dunƙulen ma kusan gishiri ne. Inna ba ta san shi ba sai da ta tsufa, kuma miyarta har maƙwabta ke aiko da kwano. Ban ce na daina sawa gaba ɗaya ba, amma in daddawa ta ji, ga ƙashi mai ɓargo ko ɗan busasshen kifi, ɗaya ko biyu sun wadatar. Sai maganar kanwa, wadda kullum muke fama da iyaye a kanta. Ni ma ina sa 'yar kaɗan a ɗanwake da miyar kuɓewa, wannan ba komai, amma kunun kanwar da ake ɗura wa mai jego safe da yamma har kwana arba'in, ga wankan tafasasshen ruwa, tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura da alaƙarsa da ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa, ƙafa ta kumbura numfashi ya dinga sarƙewa. In zan sallami mai jego sai in ja uwarta ko uwar mijin gefe in ce "Hajiya don Allah a rage kanwar nan, a yi mata kunun gyaɗa ko na tsamiya, a ba ta farfesu da ganye", kuma na lura sun fi sauraro in na yi musu maganar a matsayin wadda ta san madafi, har mu ɓige da hirar yadda ake dama kunun gyaɗa kar ya tsinke. Da a ce takarda kawai na karanto musu da sun ce toh su fita su yi abin da suka saba.

Azumi shi ne lokacin da ya fi wuya kuma ya fi daɗi. In dutin rana ya faɗo min, a wurin aiki nake shan ruwa, to tun bayan sallar asuba nake dama kunu in cika babban fulas, in gyara ƙullun ƙosai in bar wa yara da Abbansu su soya nasu, nawa in soya kafin in fita. Ana kiran magariba sai mu shimfiɗa ɗankwali a kan teburin ofis, wannan ta kawo dabino, waccan ta kawo dafaffen ƙwai, kuma kusan kullum akwai wata mai jinya a baranda da ta zo daga nesa ba ta da kowa a gari, sai a miƙa mata kofi. Wata tsohuwa ta taɓa kurɓar kununa ta ɗago ta kalle ni ta ce "'yata, wa ya koya miki? Wannan damun mutanen da ne." Na ce kakata ce Baba, ta ce Allah Ya kai haske kabarinta. Na daɗe ban ji abin da ya faranta min rai kamar wannan ba.

Kar wata ta karanta wannan ta ji kamar ina cewa duk macen da ke aiki dole ta dawo ta tsaya a kan murhu, a'a wallahi, ina da ƙawaye da girki ba ya gabansu, suna da mai taya su kuma gidajensu lafiya ƙalau, wata ɗinki ne hutunta wata karatu. Kuma maza ku ji tsoron Allah ku dinga kama wa matanku, wadda ta kwana a tsaye ba ƙarfe ba ce. Ni ma akwai ranakun da nake shigowa in ce yau kowa ya ji da kansa, a jiƙa garin kwaki da ƙuli a sha. Nawa dai so ne, tun ina fura wuta a rumfar Inna yake, kuma aikin asibiti bai kashe shi ba.

Jiyan dai na samu kabewa mai kyau, irin mai jan ciki ɗin nan, da alayyahu da yakuwa da lawashi, na biya wajen mahauci ya sara min ƙashi. Ina shiga gida na watsa ruwa na ɗora ƙashin da albasa da dakakkiyar daddawa a kan gawayi, na fere kabewar na jefa a ciki, na sa waya ta tashe ni na kwanta awa biyu. Da na farka ta yi luguf, na tsame na farfasa ta da bayan ludayi na mayar, na juye robar kayan miya ɗaya da ɗan manja, na dama markaɗaɗɗiyar gyaɗa na zuba ina juyawa kar ta kama, sai da mai ya taso sannan na watsa ganyen, yakuwar kaɗan don kar tsami ya yi yawa, na rufe minti biyar na sauke. Shinkafar tuwo dama tana gefe tana dahuwa, na tuƙe ta na kwashe da mara. Yara suka dawo daga makaranta tun daga zaure autan yake ihun "Umma ta yi taushe!", ko takalmi bai tsaya cirewa ba.

Na ɗebi malmala uku da miya na zuba a kula na ajiye gefe, don jiyan ma dutin dare nake, kuma wadda muke tare da ita tana da ƙaramin ciki, ta ce min kwana biyu ba abin da ke zama mata sai abu mai ɗan tsami.